Motar Da Kamila Ta Gane

Shafi na 23

Na ga saƙonninku, har da masu cewa na tsani Kamila ne shi ya sa nake ta wahalar da ita. Wallahi ni ma da kyar na buga wannan shafin. Wanda yau ya shigo mana, ga inda muke: Kamila 'yar Alhaji Abdulƙahhar ce, mai shagon atamfa a Kantin Kwari. Bara masu garkuwa da mutane suka ɗauke ta a hanyar islamiyya. Ta dawo da ranta, amma tun daga nan ko ƙofar gida ba ta leƙawa. Likita ta ce a riƙa fita da ita wuri mai fili da iska, shi ne Abbanta ya ce zai sayi jif ta hannu su riƙa zuwa bakin dam ɗin Tiga suna kafa tanti. Yau Asabar za a je ganin mota.

*

Tun da suka sauka daga adaidaita sahu Jawahir ba ta saki hannun 'yarta Kamila ba. Tafin yarinyar ya jiƙe da gumi, amma tana tafiya da ƙafarta, wannan kaɗai ya ishi uwa godiya.

Garejin Oga Nwabueze, dillalin motoci, na can wani layi bayan kasuwar Sabon Gari, fili ne zagaye da katanga, ƙofarsa ta ƙarfe guda ɗaya. Haifaffen unguwar ne, Hausarsa tas, kuma sun daɗe da sanin juna da Alhaji.

Ya daki bonet ɗin wata jif ruwan toka.

"Alhaji, ka ga wannan? Ba motar kwalta ba ce. Yashi, laka, dutse, duk hanya ce a wurinta."

Abdulƙahhar ya yi dariya.

"Ta hannu ce fa, Oga. Kana koɗa ta kamar yau ta fito daga kwali."

"Ta hannu ce, amma ba a taɓa buɗe injinta ba. Ka sa bakanikenka ya duba. Ni zan cuce ka?"

Alhaji ya durƙusa yana leƙen ƙarƙashinta, ya shafa tayoyin masu manyan haƙora, ya miƙe yana kaɗe hannu.

Sai wata siririyar murya ta ce,

"Abba... tantin zai shiga?"

Jawahir ta juyo da sauri. Rabon da Kamila ta yi tambaya da kanta ba tare da an ja ta da magana ba, ta manta. Ta dubi mijinta, shi ma ita yake kallo, idonsa ya kawo ruwa.

"Zai shiga, uwata. Har da tabarmi da murhun gasa kifi. Oga, buɗe mata bayan ta gani."

Nwabueze ya zagaya ya kama ƙofar baya, irin mai buɗewa gefe ce, da safayar taya a jikinta. Ya ja.

Ƙiiiiiii... ƙwas!

Farcen Kamila ya nutse cikin hannun uwarta.

"Kamila? Kina ji min ciwo."

Jawahir ta girgiza ta.

"Kamila!"

Yarinyar ta ƙame. Idonta a buɗe amma ba motar take kallo ba, ba kowa take kallo ba. Leɓenta na rawa.

"Umma... a sake."

"A sake me?"

"Ya rufe. Ya sake buɗewa."

Nwabueze ya dubi Alhaji, Alhaji ya gyaɗa masa kai. Ya mayar da ƙofar ya sake ja.

Ƙiiiiiii... ƙwas!

Kamila ta runtse ido, ta sulale ƙasa a kan gwiwoyinta cikin baƙin mai da yashi.

"Ita ce."

"Innalillahi! Ita ce me?"

"Ita ce motar, Umma. A cikinta suka saka ni."

Jawahir ta yi salati. Ta durƙusa ta rungume ta, tana jin bugun zuciyar yarinyar a ƙirjinta.

Abdulƙahhar ya tsuguna gabansu yana ƙoƙarin sassauta murya.

"Uwata, saurare ni. Irin motocin nan suna da yawa a Kano. Kuma kin ce an ɗaure miki ido. Waɗanda suka gani ma sun ce baƙa ce, wannan kuwa ruwan toka."

"Ban gan ta ba, Abba. Jin ta na yi. Duk sanda za su ba ni ruwa, haka take kuka."

"Ƙofar tsohuwar mota duk haka..."

"Na ciji kujerar."

Kamila ta ci gaba,

"Sun ce in na yi ihu za su yanka ni. Sai na kama bayan kujera da haƙorina don kar kukan ya fito. Ta gefen hagu, can ƙasa. Har fatar ta yage."

Babu wanda ya motsa. Daga waje ana jin hon ɗin masu adaidaita da kiɗan wani shago, kamar ba a duniya ɗaya suke ba.

Nwabueze ne ya fara ɗaga ƙafa. Ya hau bayan motar da gwiwa, ya ɗage wani baƙin kafet da aka jingina da bayan kujerar.

Ya daɗe a sunkuye.

Da ya juyo fuskarsa ta canja.

"Alhaji... zo."

Jawahir ba ta so ta kalla ba, amma idonta ya ƙi bin umarninta. Daga inda take durƙushe ta hango. Shatin haƙora ne ƙanana, sama da ƙasa, sun zagaye wurin da fatar ta yage soso ya leƙo.

Abdulƙahhar ya sa yatsa ya shafa wurin. 

Nwabueze ya buɗe ƙofar direba, ya ɓanɓare robar da ke gefen ƙarfen. A ƙarƙashinta fentin baƙi ne wuluk.

"Yesu..." ya faɗa a hankali. "An yi mata sabon fenti."

Alhaji ya diro ya cakumi wuyan rigarsa.

"Ina ka samo ta?"

"Alhaji, wallahi..."

"Na ce ina ka samo ta!"

"Kawo min aka yi in sayar! Dillanci kawai nake! Ka san ni, ka san gidana, ka san 'ya'yana. Da na sani zan kira ka da bakina ka kawo yarinyar nan?"

Hayaniyar ta fito da matarsa Madam Nkechi daga ɗan ofishin da ke gefe. Tana ganin Kamila a ƙasa ta yar da abin da ke hannunta ta rugo.

"Hajiya, me ya same ta?"

Jawahir ta nuna mata motar.

Alhaji ya saki rigar, yana haki.

"Waye mai ita?"

"Wani saurayi ne. Bai ba ni cikakken suna ba, ya ce in kira shi Alhaji Ƙarami. Ya ce sai ciniki ya faɗa zai kawo takardu."

"Lambarsa."

Nwabueze ya ciro waya yana lalube, ya fara karantowa. Abdulƙahhar na dannawa a tasa wayar.

Bai kai ƙarshe ba yatsansa ya tsaya.

"Abban Kamila?" Jawahir ta kira shi. "Me ya faru?"



Ta miƙe ta karɓi wayar daga hannunsa, bai hana ta ba. Lambar ba a gama rubuta ta ba, amma wayar ta riga ta fito da sunan mai ita.

KYARI ƘANINA.

Sai da ta karanta sau biyu.

Kyari. Ƙanin mijinta uwa ɗaya uba ɗaya. Wanda ɗakinsa ke zauren gidansu na Rijiyar Lemo, wanda ke tsare shagon Kwari in yayansa ya yi tafiya. Shi ya je bakin daji ya ɗauko Kamila ranar da aka sake ta, ya shigo da ita a kafaɗa yana kuka. Ko da safiyar nan da hannunta ta zuba masa kunun gyaɗa.

"Ƙarya ne," in ji Abdulƙahhar. "Kyari ba shi da mota. Babur gare shi."

"Dogo ne, siriri," Nwabueze ya ce. "Yana da tabo a nan, saman gira."

Kamannin Kyari ne sak. Alhaji ya dafa motar, sai kuma ya janye hannunsa kamar ya taɓa wuta.

Jawahir ta kama hannun rigarsa.

"Mu tafi. Don girman Allah mu bar wurin nan."

"Alhaji..." in ji Nwabueze. "Akwai abin da ban faɗa ba. Da ka ce min kun taso, na kira shi na ce mai saye na gaske zai zo, ya taho da takardu. Ban faɗi sunanka ba. Ya ce yana hanya."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ku iso."

Kamila ta saki wani irin nishi ta cusa kanta cikin mayafin uwarta.

"Bari in kira 'yan sanda," in ji Nwabueze.

"Tsaya."

"Abban Kamila!"

"Na ce a tsaya! Ƙanina ne, Jawahir. Ni na goya shi a bayana. In na sa aka ɗaure shi ban ji daga bakinsa ba, me zan ce wa Inna?"

"Ni kuma me zan ce wa wannan?" Ta nuna yarinyar. "Dube ta! Dube ta da kyau!"

Ya kasa kallonta.

Ƙarar babur ta tsaya a bakin ƙofa.

Madam Nkechi ba ta jira kowa ba. Ta ɗago Kamila da hannu ɗaya, ta ja Jawahir da ɗayan.

"Ku zo. Sauri."

Ta tura su cikin ofishin ta ja ƙofa. Ɗaki ne ƙarami, tebur ɗaya da firij, da taga mai labule da ke kallon filin. Ta zaunar da Kamila a ƙasa bayan tebur, ta cire ɗankwalinta tana goge mata fuska.

"Yi shiru, 'yata. Babu mai taɓa ki a nan."

Jawahir ta ɗaga gefen labule kaɗan.

Kyari ne. Farar shadda a jikinsa, hula a karkace, ambulan a hammata. Ya shigo yana murmushi.

"Oga Nwabueze! Ina mai sayen na..."

Maganar ta maƙale.

Yayansa na tsaye a bayan motar, ƙofar a buɗe, kafet ɗin a ƙasa.

"Yaya? Me... me kake yi a nan?"

"Mota na zo saya. Zan kai iyalina Tiga."

Kyari ya yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji.

"Ai da ka gaya min. Wannan ba ta da kyau, Yaya, tana shan mai. Ta wani abokina ce, ni aike kawai..."

"Zo nan."

"Yaya..."

"Zo ka ga wani abu."

Ya matso yana jan ƙafa. Abdulƙahhar ya kama ƙeyarsa ya tura kansa cikin motar.

"Mene ne wannan?"

"Yagewa ce... ɓera ne wataƙila..."

Tas!

Marin ya sa hular ta faɗi can gefe.

"Haƙoran 'yata ne! Haƙoran Kamila ne, Kyari! 'Yar da aka ba ka ka yi mata huɗuba a kunne!"

Ambulan ɗin ta faɗi. Kyari ya zube ya kama ƙafafun yayansa.

"Wallahi ban san ita za su ɗauka ba! Wallahi tallahi!"

Jawahir ta toshe bakinta da mayafi. Har zuwa wannan lokacin wani ɓangare na zuciyarta na jiran ya musa, ya rantse, ya kawo wata hujja. Bai musa ba.

"Su wa?" Alhaji ya tambaya, muryarsa ta dishe.

"Mutanen da muke shigo da atamfa ta hanyar daji. Don haka na sayi motar a ɓoye, na san ba za ka yarda ba. Suka ce in ba su aro za su ɗauko kaya. Sai da yamma na ji an ce baƙar jif ce ta ɗauke Kamila, na kira su, suka ce in na buɗe baki gawarta za a kawo mana."

"Muna kuka kana zaune a cikinmu."

"Yaya..."

"Ina sallah kana bin bayana. Ina roƙon Allah ya tona asirinsu kana cewa amin."

"Ni na roƙe su kar su taɓa ta! Ni na..."

Jawahir ba ta san sanda ta buɗe ƙofa ba. Madam Nkechi ta kai hannu za ta riƙe ta, Jawahir ta fizge.

"Wa ya gaya musu hanyar da take bi?"

Kyari ya ɗago. Ganinta ya sa ya ja da baya da gindi.

"Anti Jawahir..."

"Kar ka kira sunana! Lungun da take yankewa in ta taso daga islamiyya, mu kaɗai muka san shi a gidan nan. Wa ya gaya musu?"

Ya sunkuyar da kai.

"Hira ce kawai. Muna tafiya a mota ake hira, ban san suna riƙewa ba."

"Allah ya isa tsakanina da kai! Yarinyata ba ta barci sai da fitila. In aka buga ƙofa fitsari take saki. Kai kuma kana shigowa kana kawo mata alewa, kana ce mata ta daure!"

Sai a lokacin abin ya faɗo masa. Ya dubi Jawahir, ya dubi ofishin, idonsa ya firfito.

"Kamila tana nan? Kun zo da ita?"



Ya miƙe zumbur, ya kama hannun yayansa da hannu biyu. Yanzu raɗa yake.

"Yaya, ka kashe ni daga baya, na yarda. Amma ku fita da ita yanzu. Oga, akwai wata ƙofa ta baya?"

"Akwai ta cikin ofis," Nwabueze ya ce. "Amma da kwaɗo. Mukullin na gida."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Me ke nan?" Alhaji ya girgiza shi. "Yi magana!"

"Ban zo ni kaɗai ba."

Kyari ya ƙara rage murya.

"Babbansu ne ya matsa a sayar da motar, ya ce ajiye ta haɗari ne. Bai yarda da ni ba, shi ya goyo ni a babur. Yana waje yana shan sigari. Yaya, ba ya yawo hannu sake. Kuma in ya gane yarinyar ta shaida motar..."

Bai ƙarasa ba.

Nwabueze ya zura hannu aljihu yana laluben waya. Abdulƙahhar ya tura matarsa.

"Koma ciki. Ku kulle. Ko me kika ji kar ki fito."

Ta ruga. Madam Nkechi ta danna sakata, ta jawo tebur ta tokare ƙofar, tana addu'a da yarenta ƙasa-ƙasa. Wayarta na kunne, tana ta kiran 'yan sanda ba a ɗauka.

Kamila na maƙure a lungun firij, ta haɗa kai da gwiwa.

"Umma, muryar Baffa Kyari na ji. Ya zo ɗaukar mu ne?"

Jawahir ta matsa kusa da ita. Ta zauna ta jawo ta jikinta, ta toshe mata kunne da tafukanta.

Amma ta makara.

Daga bakin ƙofar garejin wata murya ta taso, mai kauri, a nitse, ba gaggawa a cikinta.

"Kyari, ciniki ne ko ɗaurin aure? Ka shanya ni a rana."

Jikin Kamila ya sandare gaba ɗaya. Jawahir ta ji ɗumi na bin zaninta, yarinyar ta saki fitsari.

"Shi ne," ta faɗa, murya kamar ba tata ba. "Umma, shi ne mai ba ni ruwa."

Takun takalmi a kan tsakuwa. A hankali.

Jawahir ta rarrafa zuwa taga. Ta siririn tsagin labule ta hango shi. Gajere ne mai jiki, cikin jallabiya ruwan ƙasa, irin mutumin da za ka wuce a kasuwa ba ka waiwaya ba. Ya tsaya ya ƙare wa filin kallo. Ya dubi ƙofar motar a buɗe, ya dubi kafet ɗin a ƙasa, ya dubi shatin yatsu a kuncin Kyari.

Sannan ya dubi Abdulƙahhar, ya yi murmushi.

"Alhaji, ashe kai ne mai sayen. Mun sha magana a waya, sai yau Allah ya haɗa fuskokinmu."

Alhaji ya tsare shi da ido. Ya matsa ya tsaya tsakaninsa da ofishin.

Wannan matsawar ita ta tona su.

Mutumin ya bi bayansa da kallo har zuwa tagar. Jawahir ta saki labulen, amma ta san ya ga motsinsa. A bakin ƙofar ofishin kuma ga ɗan takalmin Kamila ƙafa ɗaya, wanda ya zame sanda aka jawo ta.

Ya yar da guntun sigarinsa ya take. Ya juya ba tare da sauri ba, ya koma bakin ƙofar garejin, ya jawo ƙarfen da hannu ɗaya.

Garam!

Ya danna sakata daga ciki.

Ya juyo, hannunsa ɗaya cikin aljihun jallabiya, ya ɗaga murya yadda za ta isa ofishin.

"'Yar makaranta! Ba za ki fito ki gaishe ni ba?"